Shekarar da Na Kwance Ƙofar Maɗaci

Na san abin da kuka ji game da ƙofar zaurenmu, ku 'ya'yana, domin gidanmu bai taɓa iya riƙe magana ba. Wasu sun ce muku na sayar da ta asalin, wai wadda ke tsaye yanzu kwaikwayo ce na sassaƙa. Wasu sun ce kakarku Dada, mahaifiyata, ta bar duniya tana fushi da ni saboda ita. Goggonku Hauwa kuwa ba ta taɓa ce muku komai ba, kuma shirun nata ya fi dukkan maganganun yi mini nauyi. Yanzu da idona ya daina ganin layin fensir a kan katako, hannuna kuma ya fara rawa da zarto, na ga gara in zauna in rubuta muku yadda abin ya faru. Ba zan wanke kaina ba, amma kuma ba zan ɗauki laifin da ba nawa ba.

Ƙofar ta mahaifin Dada ce, Alhaji Sule, wanda aka sa mini sunansa. Bafatake ne daga ƙasar Katsina, mutumin da ƙafarsa ba ta son zama. Ya yi gida a garuruwa uku kafin ya iso nan garin Garwa, kuma duk inda ya tashi sai ya bar komai, ban da ƙofarsa. Wani masassaƙi ne ya yi masa ita da maɗaci, falle biyar a tsaye, sanduna biyu a gicciye ta baya, babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, babu gam. Abin da ya riƙe ta duka ɗan guntun itacen ƙirya ne, baƙi wuluk, bai wuce babban yatsa ba, da aka cusa a ƙarshen sandar sama. Makulli muke kiransa. In aka zare shi ƙofar sai ta rabu gunduwa-gunduwa, a ɗaure a ɗora wa jaki ko a jefa cikin jirgin ruwa. Saboda haka a gidanmu akwai doka guda da kowa ya tashi ya tarar: ba a taɓa makullin nan sai ranar tashi daga gari. Tun da Alhaji ya kafa ta a Garwa ba wanda ya sake taɓa shi, har ya rasu, har mahaifina ya rasu, har ni kaina na yi furfura.

Na girma ina shafa ƙofar nan. Ina jin ita ce ma ta sa na bar awon atamfa a shagon kawunnaina na tafi koyon kafinta, abin da dangi suka daɗe suna yi mini dariya a kai. Da yamma in rana ta karkata ta bugi fuskarta, jan maɗacin yakan fito kamar an shafa masa man ja, sai in tsaya ina bin layukan haɗin da farce ina mamakin abin da ke ciki. Da damina takan yi nauyi, ta yi shiru. Da rani kuma sai ta saki jiki, in an tura ta ta yi wani ɗan gurnani mai taushi wanda kowa a gidan ya san shi. Shekara fiye da saba'in tana kumbura tana motsewa, amma ba ta taɓa tsagewa ba, ba ta taɓa barin rata da ido zai gani ba. Na yi shekara talatin ina sana'ar katako ban san yadda aka yi haka ba, kuma abin yana cina a rai.

A shekarar da nake ba ku labari, wani malamin wasanni mai suna Mesiye Daniyel, mutumin Poli, dogo mai ɗingishi, ya zo shagona ana tsakiyar rani. Ƙungiyarsu ta matasa tana da wani babban ɗaki mai daɓen siminti inda yara ke buga ƙwallon kwando da ƙwallon hannu. Simintin ya cinye masa gwiwa tun yana saurayi, yanzu kuma yana kallo yana cin na 'yan makarantarsa. Ya ciro waya ya nuna mini wani daɓen katako na ƙasashen waje, allo-allo, kowanne kamar faɗin tabarma, ana jera su a yi wasa, a kwashe a jingine in za a yi biki ko taro a ɗakin.

“Patron, maigida, irin wannan nake so,” in ji shi. “Nasu da ƙugiyoyin ƙarfe ake haɗawa, mu kuwa ba mu da su a nan. An ce mini kai ne kake haɗa katako ba ƙusa. Za ka iya?”

“Ba abin da hannu ya yi da hannu ba zai yi ba, Mesiye,” na ce masa, ina jin kaina.

Bakina ya riga hankalina. Na yi alluna huɗu na gwaji da haɗin mace da namiji irin wanda kowane kafinta ya sani, harshe a wannan gefe, kwari a wancan. Na jera su a shago suka zauna lafiya lau. Da yaran Daniyel suka yi tsalle a kai na kwana biyu sai suka fara zamewa, baki ya buɗe, yatsan ƙafar wata yarinya ya shiga. Na matse haɗin, sai ya ƙi fita in an zo kwashewa. Na sassauta, ya koma rawa. Ga kuma abin da na fi tsoro: katakon daga kudu aka kawo shi, ƙasar ruwa, kuma na san abin da zafin Garwa zai yi masa, da abin da damina za ta sake yi masa bayan nan. Ina bukatar haɗin da zai kama gam, ya saki in an ce ya saki, ya kuma bar itace ya yi numfashinsa. Kullum in na dawo gida na tura ƙofar zaure ta yi gurnaninta, sai in ji kamar dariya take mini.

Na sami Dada a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda na fari ne kuma sunan mahaifinta gare ni. Mai-sunan-Baba take cewa. In kuwa ranta ya ɓaci, sai in koma Kafinta.

“Dada, ina so in leƙa cikin ƙofar nan. Yini ɗaya kawai. Da safe in kwance, kafin la'asar na mayar.”

Ba ta ɗago ba. “Tashi za mu yi?”

“A'a, Dada. Aiki ne. Yara ne ke karya gwiwa a kan siminti.”

“To in ba tashi za mu yi ba, me ya kai hannunka can? Allah ya ba yaran lafiya. Kai kuma je ka nemi dabararka a wani wuri, Mai-sunan-Baba.”

Bayan mako guda aka yi rasuwa a dangin Hauwa na wajen miji, a garin Mindif, Dada ta bi ta gaisuwa, za su yi kwana huɗu. Ina so ku san cewa ban yi wata doguwar shawara da zuciyata ba. Motarsu ba ta gama fita unguwa ba na riga na ɗauko gudumar katako. Na sauke ƙofar na kwantar a kan tabarma, na sa tsinke na buga makullin sau biyu a hankali, ya faɗo tafin hannuna da ɗuminsa. Ana cikin ƙarshen rani, itacen ya bushe ya saki, sandunan suka zare sumul kamar jiya aka sa su. Wani ƙamshi ya taso daga cikin ramukan, na tsohon maɗaci da hayaƙi da wani abu kamar kanwa, iskar wani gari da aka rufe a ciki tun kafin a haife ni. Na zauna dirshan ina kallo. Kwarin da masassaƙin ya fafe bakinsa ƙunci ne, cikinsa faɗi, don haka sanda in ta shiga ta gefe ba ta da hanyar fita ta sama. Ya kuma ɗan tsuke kwarin daga wannan kai zuwa wancan, kaɗan ƙwarai, yadda duk turawa ƙara kamawa take. Tsakanin falle da falle kuwa ya bar rata kamar ƙwayar dawa, ya ɓoye ta ƙarƙashin leɓen katako, inda itace zai miƙe da damina ba tare da ya ture ɗan'uwansa ba. Mutumin nan da ban san sunansa ba ya amsa mini duk tambayoyina a zama ɗaya. Na yi kuka a zauren nan, ni kaɗai, don daɗi.

Da na mayar da ita a ranar, da ba ku da labarin da za ku ji. Amma ido ya gani, hannu bai riga ya koya ba. Na ce bari in kai sanda ɗaya da falle ɗaya shago in auna sosai, gobe in mayar. Goben ta zo na ga ina bukatar in gwada nawa haɗin a jikin nasa. Na rataya ƙofar kwano a zaure na ce ta kwana biyu ce. Haka Dada ta dawo ta tarar, a rana ta huɗu, sauran fallayen a jingine da bango, makullin a kan taga.

Ta daɗe tsaye da ƙullin kayanta a hannu. Hauwa ce ta fara magana.

“Yaya! Me ka yi? Inna lillahi, Yaya, me ka yi haka?”

Dada ta ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ta taka zuwa taga ta ɗauki makullin, ta juya shi, ta ƙulle a haɓar zanenta.

“Kafinta,” ta ce, “kwana nawa kake bukata?”

“Mako uku, Dada. Wallahi mako uku.”

“To. Ranar da za ka mayar, ka zo ka karɓi wannan a hannuna.”

Mako ukun ya zama wata biyu. Allo fiye da ɗari biyu ne daɓen ke bukata, kowanne da kwarinsa a gefe huɗu, da 'yan sandunan da ke zarewa tsakaninsu, da makulli ɗaya a ƙarshen kowane layi. A ƙarƙashi na jera katakai na ɗora su a kan guntayen tsohuwar taya, don daɓen ya riƙa ɗan lotsawa ƙarƙashin ƙafa. Ba zan ɓoye muku ba, waɗannan watanni biyu su ne mafi daɗin rayuwata ta sana'a. Ina tashi da aikin a raina, ina cin abinci ban san me na ci ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, aka yi ruwan fari, aka yi na biyu, kogin Binuwai ya fara rufe yashinsa, ni duk ban lura ba. Ni da na shekara talatin ina gaya wa masu sayen kujera cewa itace yana shan iska kamar yadda mutum yake shan ruwa, na bar fallayen kakana a warwatse, ramukansu a buɗe, damina tana shiga tana fita.

Ranar da muka buga makullin ƙarshe a ɗakin wasa, na dawo gida da saurina na shimfiɗa tabarma na jera fallayen. Na ɗauko sandar sama na kai bakin kwarin. Ta shiga kamar tsawon yatsa ta tsaya cak. Na juya ta, na shafa mata sabulu, na buga a hankali. Ko motsi. Sandar ta kumbura, kwarin ya matse, abin da ya zare da yatsa biyu a rani yanzu ko doki ba zai ja shi ba. Hauwa tana tsaye a kaina, Dada tana zaune a bakin ƙofar tsakar gida.

“Ka ɗan kankare mana, Yaya. Ba kafinta ba ne kai? Kankare kaɗan ta shiga, a huta.”

“In na kankare yau za ta shiga. Rani na zuwa kuma ta motse ta yi ta rawa, ba za ta sake kamawa ba har abada. Na kashe ta ke nan.”

“Wai ita ƙofar kake tausayi ko uwarka?”

Na ajiye gudumar a kan tabarma. Dada ce ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

“Sai yaushe?”

“Sai ruwa ya ɗauke, itacen ya bushe. Wata biyar, ko shida.”

Na ga tana lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya a kan cinyarta. Da ta kai na biyar sai ta tsaya tana kallon hannun.

“Kada ka sa wa itacen Baba wuƙa,” ta ce. “Allah ya kai mu.”

Wannan ne nake so ku riƙe. Kwancewar laifina ce ni kaɗai, jinkirin ma laifina ne. Amma jiran rani, mu biyu muka yanke shi, ni da ita. Na sha tambayar kaina ko don ta ga abin da nake so ne ta faɗi haka, kamar yadda uwa take yi. Ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Daga ranar ta mayar da zamanta zaure. Kullum bayan azahar sai ta sa a kai mata tabarma kusa da fallayen da ke jingine, ta zauna da carbinta, hannu ɗaya a kan maɗacin, tana kallon ruwa yana zuba a titi. Ƙofar kwanon kuwa ba ta taɓa taɓa ta ba, in za ta fita sai wani ya buɗe mata. Ta fara ramewa, abinci ya ragu. Wata rana da safe ta aiko a kira ni.

“Kai ni in ga abin da ya cinye mini ƙofa.”

Mesiye Daniyel ya zo da motarsa ya ɗauke mu. Muka tarar da 'yan mata suna atisaye, ƙwallo tana duka, takalma suna ƙara. Ya hura usur suka tsaya. Hasken safiya yana saukowa daga tagogin sama ya kwanta a kan daɓen, katakon yana sheƙi tun daga bakin ƙofa har bango. Dada ta tsaya a gefe ta tuɓe takalmanta, kamar za ta shiga ɗakin surukai.

“Mama, ba sai kin cire ba,” in ji Daniyel.

“Usoko, na gode, ɗana. Bar ni.”

Ta taka a hankali, ba ta yarda na riƙe ta ba. Taku ɗaya, biyu, har ta kai tsakiya. Ta tsaya ta danna diddige, ta saki, ta sake dannawa. Sai na ga ta lumshe ido, jikinta yana ɗan lilo gaba da baya, har na matso don kada ta faɗi.

“Yana motsi,” ta ce, idonta a rufe. “Ina shekara biyar muka taso daga Yola a jirgin ruwa. A kan fallayen nan Baba ya shimfiɗa mini zane na kwanta. Ina jin ruwa yana wucewa ta ƙarƙashinsu, ina kallon sama tana tafiya. Kwana nawa muka yi ban sani ba. Tun ranar ban sake hawa katakon da ke numfashi ba sai yau.”

Ta buɗe ido ta dubi layukan haɗin da suka miƙe ta ko'ina, ta bi ɗaya da babban yatsan ƙafarta.

“Ashe ƙofar Baba ka kwantar, yara suna gudu a kanta.”

Har yau ban san ko yabo ne ko zargi ba. Amma bayan ta faɗa ta yafito wata doguwar yarinya ta ce ta buga ƙwallon ta ji. Yarinyar ta buga, daɓen ya amsa da wata murya mai zurfi, Dada ta yi dariya har da riƙe baki, ta ce a ƙara. A mota muna dawowa ta kira ni Mai-sunan-Baba, karo na farko tun dawowarta daga Mindif. Hauwa ba ta je ba ranar, ba ta ga wannan ba, kuma duk lokacin da na so in ba ta labari sai ta tashi.

Dada ta rasu ana saura kaɗan ruwa ya ɗauke, wata safiyar Talata, bayan zazzaɓin kwana shida. Da aka zo fita da ita makarar ta ƙi wucewa sai da na cire ƙofar kwanon, don haka ta bar gidan mahaifinta ta zauren da ba ƙofa, fallayen suna jingine a gefe. Na ji wata tsohuwa a bayana tana cewa ai dama an kwance, dole wani ya tashi. Ni ban yarda itace yana kiran ajali ba, kwananta ne ya ƙare. Amma na yarda cewa watanninta na ƙarshe ta yi su tana jiran abin da na ɗauke mata, kuma wannan ba mai sauke mini shi.

Da rani ya kama sosai na sake shimfiɗa tabarma. Sandunan suka shige da tafin hannu kawai, ko guduma ban ɗauka ba. Kafin hantsi ƙofar ta haɗu, saura makulli. Hauwa ce ta yi wa Dada wanka, na san yana wurinta. Na tafi gidanta, muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni, idonta a bushe.

“Cewa ta yi ka karɓa a hannunta, Yaya. Je ka karɓa.”

Na dawo na sassaƙa wani. Ina da ƙirya a shago, da na so da na yi wanda ba mai bambanta shi da na asali. Da gangan na yi shi da farin katako, ragowar na daɓen, don duk wanda ya ɗaga kai a zauren nan ya ga ba nasa ba ne. Shi ne wannan farin abin da kuke tambayata tun tuni nake ce muku ado ne.

Daɓen yana nan. An kwashe shi an mayar ban san sau nawa ba, an yi bukukuwa a ɗakin, an sake jera shi, bai buɗe baki ba. Yaran da suka fara gudu a kansa wasunsu sun kawo nasu yaran. Ni da Goggonku muna gaisawa, muna zumunci, ranar Salla takan aiko da tuwo, amma ta ƙofar baya take shigowa gidan nan. Kada ɗayanku ya ga laifinta. Ita ta yi jinyar, ita ta kwance ƙullin daga haɓar zanen.

Farin makullin ban sa masa gam ba. Duk rani yakan saki, sai in zare shi in busa ramin in share, in bar shi a buɗe yini guda, sannan in mayar. Ramin bai canja ba, na asalin zai shiga daidai. Ban sani ba ko zan ga ranar. In Goggonku ta kawo shi bayan raina, ku karɓa da hannu biyu, kada ku tambaye ta komai. In da damina ta kawo, kada ku kankare, kada ku buga. Ku ajiye, ku jira rani, sannan ku ba ta ta tura shi da hannunta.